Ga 'yar'uwar da ta ce addu'a ta gagare ta

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Kin ce tun rasuwar maigidanki, in kin durƙusa bakinki sai ya yi nauyi, kina tambaya ko ja da baya kika yi. Na kasa wuce saƙonki, don ni ma na ɗanɗana wannan.

Abin da ya sami Mubi da 'yan Boko Haram suka shigo a ƙarshen Oktoba 2014 ba sai na maimaita a nan ba. Muka bi daji da ƙafa ni da yara, babansu ya koma ɗauko tsohuwarsa, shi ke nan har yau. A harabar wani coci a Yola muka sauka. Nan wata uwa a zumuntar mata ta riƙe hannuna bayan sujada, ta ce, "'Yata, ki binciki kanki, Allah ba ya barin nasa haka kawai." A gaban yarana fa! Ina tsaye da zanen aro, ƙafafuna a kumbure, ƙaya ba ta gama fita ba. Kuma ita ce mai rabon masara. Washegari haka na miƙa mata kwano, na rusuna na ce, "Na gode, Mama." Ranar Lahadi ta tashi tana jan waƙa, tana rawa da tulu, ni kuwa ko "Amin" ta ƙi fita daga bakina. Na gafarta mata, amma sai na yi ta sake gafartawa, don abin yana dawowa.

To, ki ji ni, ba ki ja da baya ba. Wanda ya ja da baya ba ya kwana yana damuwa da addu'a. Ki buɗe Zabura 88, daga farko har ƙarshe kuka ne, a duhu ta ƙare, kuma Allah ya bar ta cikin Maganarsa. Ita na riƙa karantawa a maimakon addu'ata. A Ayuba 42 kuwa, abokan nan masu neman masa laifi ne Ubangiji ya yi fushi da su.

Kina cin abinci kuwa? Kada kowa ya ɗora miki azumi yanzu. Da Iliya ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, mala'ika waina da ruwa ya kawo masa, ya ci ya sake kwanciya. Ki je sujada ko a bencin baya ne, ki zauna shiru, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu in mun rasa abin faɗa.

Af, takardun gida da na aikinsa, ki adana su wurin wanda kika amince da shi tun kafin dangi su fara zaman gado. In sun matsa miki, ki sa fasto da dattawan ikilisiya a zaman, kada ki je ke kaɗai.