Gatari ko Sarƙa? Amsoshinku kan God of War

Wani matashi daga Agege a Legas ya rubuto cewa ya saba da God of War III a gidan gem na unguwarsu. Yanzu ya sayi na'urar gem ta PS4 tokumbo (kwancen waje), abokai kuma suna ce masa God of War na 2018 nauyi gare shi, ba ya sauri. Wanne zai saya?

Ƙanena, abokanka ba su yi ƙarya ba. A tsofaffin, tun na 2005 har na uku da ya fito a 2010, kyamara tana nesa, kana ganin fili duka, Kratos, jarumin wasan, yana wulwula wuƙaƙensa masu sarƙa yana share taron abokan gaba, ga tsalle. A na 2018 sai aka matso da kyamara bayan kafaɗarsa, aka cire maɓallin tsalle, aka ba shi gatari. Ka jefa, ka kira shi ya dawo hannunka, ka tare duka da garkuwa daidai lokacin da ya iso. Na bayanka ba ka ganinsa, sai dai alama a allo. God of War Ragnarök na 2022 ya fi shi zafin nama, don sarƙar tana hannunka tun da wuri, daga baya ka sami mashi. In gudu kake so, nemi God of War III Remastered na 2015, wato na uku da aka sabunta wa PS4, mai hoto 60 a daƙiƙa. Sababbin biyu 30 suke yi a PS4 na gama-gari.

Amma tsaya, wane hannun gem (kwantirola) kake bugawa da shi? Nan ne nake da magana. Sau da yawa mai kukan gem ba ya sauri, jabun hannu ne a wurinsa. Ni ma an taɓa yi min a wani shago: kwali tsaf, tambari tsaf, kuɗi rabin na asali. Sati biyu sai ga Kratos yana tafiya shi kaɗai ban taɓa komai ba, in danna garkuwa sai na sha duka sannan ta buɗe. A tsohon gem za ka iya ta danne-danne ka wuce. A na gatari, ƙiftawar ido ce tsakaninka da mutuwa. Ka yi doguwar tafiya cikin danfo, ka sha go-sulo, sannan ka karɓi kaya ba gwaji don mai shago ya ce maka "orijinal ne, oga"? A haɗa maka da na'ura a gabanka. Ka goga yatsa a kan faifan taɓawa na tsakiya, ka sa iyafis a ramin ƙasa ka ji ko sauti na fita, ka danna maɓallin R2 a hankali. Wanda ya hana ka gwadawa, kama gabanka. A gida kuma ka sa talabijin a Game Mode, wato saitin buga gem.

Wani daga Mile 12 yana tambaya ko ya biya a tura masa Ragnarök a waya. Haba malam! PS4, PS5 da kwamfuta ne kawai. Riƙe kuɗinka.

Sai wata uwa daga Idi-Araba, ɗanta mai shekara 12 ya dame ta da roƙo. Hajiya, kin kyauta da kika tambaya kafin ki biya, Allah ya raya mana shi. A Turai 'yan shekara 18 zuwa sama aka ware wa wasannin nan, saboda jini da sare-sare, na uku ma har da tsiraici. Ki nema masa na ƙwallo, ki ce Kratos zai jira shi.