Buguwa da taruwar jini: ƙanƙara za a saya ko man zafi?

Tambaya: Ɗana ya bugu a ƙwauri wajen ƙwallo. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, amma fatar ba ta tsage ba. Kakarsa ta ce in sayo Aboniki a gasa masa da ruwan zafi. In saya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki dakata da man zafin tukuna, ƙanƙara za ki nema. Baƙin nan jini ne da ya fita daga ƙananan jijiyoyin da buguwar ta fasa, ya kwanta a ƙarƙashin fata. Zafi yana buɗe jijiyoyin, murza kuma tana ƙara tsananta raunin, sai kumburin ya ƙaru.

Ledar fiya wata da ta daskare ta wadatar. Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta, kada ta taɓa fata kai tsaye, ki ɗora minti 15 zuwa 20, ki maimaita bayan awa biyu ko uku. In ya kwanta, a ɗora ƙafar kan filo. Haka za a yi kwana biyun farko. Bayan nan gashin Kaka na da ranarsa, da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kuma ban da dannawa da ƙarfi. Man zafi yana ɗauke hankali daga ciwon ne kawai, jiki ne ke shanye jinin da kansa, galibi cikin mako biyu.

A fata mai haske ana ganin wurin ya tashi daga ja zuwa shuɗi, sannan kore da rawaya. A baƙar fata wannan ba ya fitowa sosai, don haka ki lura da saɓewar kumburi da raguwar zafi. Idan ya kasa taka ƙafar, ko wurin ya karkace, a je asibiti a ɗauki hoto kafin a kira mai ɗori.

Tambaya: Mahaifina ya zame a banɗaki, cinyarsa ta tara jini. A kemis an nuna mini farasitamol, ibuprofen da asfirin. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Malam, ɗauki farasitamol. Asfirin yana hana jini daskarewa, zai iya faɗaɗa tabon. Ibuprofen kuma ba ya shiri da mai olsa ko ciwon ƙoda, ga dattawa da yawa suna fama da ɗayansu. Ka tambayi Baba, shin likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini irin warfarin, ko kuma kansa ya bugu. In haka ne, kemis ba wurinsa ba ne, kai shi asibiti yau, musamman in akwai amai, ruɗewa ko yawan barci. Tabon da ke fitowa ba tare da buguwa ba, ko dasashi mai zubar jini, su ma gwajin jini suke buƙata.