Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsarin da Nake Ɗauka a Gida Ba Ya Ɗorewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma ina zuwa aiki. Kusan kullum da safe sai mun yi ta neman makulli, ko takalmin yaro, ko cajar waya, har mu makara. Na sha ɗaura niyyar kimtsa komai tun da dare, amma da ƙyar nake yin mako biyu sai in koma gidan jiya. An ce mini kwana 21 sun isa mutum ya saba da abu. Shin rashin himma ne ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ban ga alamar rashin himma a wasiƙarki ba, domin wadda ta sha gwadawa tana sake gwadawa ba a kiranta malalaciya. Maganar kwana 21 kuwa ta samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran fuska ɗan Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kimanin wannan lokaci kafin su saba da sabuwar kamanninsu. Da maganar ta yaɗu, sai aka yar da kalmar "aƙalla", aka mayar da ita doka ga kowane irin sabo.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarki shi ne wanda Phillippa Lally da abokan aikinta suka gudanar a jami'ar University College London da ke Birtaniya, aka wallafa a 2009. Sun bibiyi mutum 96 na tsawon mako 12, kowanne yana ƙoƙarin sabawa da ƙaramin aiki guda a kowace rana, kuma sun gano cewa matsakaicin lokacin da aikin ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, ko da yake ga wasu kwana 18 ya isa, ga wasu kuma lissafi ya nuna sai an kai kwana 254. Ke nan a mako na biyu, inda kike sarewa, tafiyar ma ba ta yi nisa ba.

A ganina, babbar matsalar tana cikin kalmarki ta "komai". Wanda ya gaji da aikin yini ba zai iya gyara gida gaba ɗaya kowane dare ba, kuma da zarar ya kasa sau ɗaya sai ya ga kamar duka ya rushe. Ki zaɓi abu ɗaya tak, ki fara da makulli. Ki kafa ƙusa ko ki ajiye ɗan kwano kusa da ƙofa, ki sa wa kanki ƙa'ida cewa hannun da ya buɗe ƙofa shi zai rataye makullin kafin ki ajiye jaka ko ki amsa gaisuwar yara. Dalilin haka shi ne, sabo yana kafuwa ne idan aka maimaita aiki iri ɗaya a wuri ɗaya bayan alama ɗaya, har ƙwaƙwalwa ta daina jiran a tuna mata. Idan wannan ya zauna, sai ki jingina na biyu da wani abin da ba kya taɓa mantawa da shi, misali ki sa waya a caji a wuri guda da zarar kin gama goge baki da dare.

Kuma kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Yaron da ya iya cire takalminsa ya isa ya ajiye shi a inda aka ware masa, muddin wurin yana daidai tsayinsa, kuma maigida ma yana da makulli da wayar da ya kamata su sami mazauni.

Ranar da kika manta, kada ki sake ƙirga daga farko. Binciken nan ya nuna cewa tsallake rana ɗaya bai yi wa sabon wata illa ta a zo a gani ba, don haka washegari ki ci gaba daga inda kika tsaya.