Kafin yayanka ya biya kuɗin tsohuwar Porsche ɗin nan

Zauna, ɗana, ajiye sifanar nan tukuna. Tambayar da ka yi mini da safe ba irin wadda ake amsawa kai na cikin bonet ba ce. Ka ce yayanka da ke Jamus ya samu Porsche 911 Carrera ta 1987, fenti fes, kujeru kamar ba a taɓa zama a kai ba, maleji bai wuce kilomita dubu 40 ba, kuma mai ita na matsa masa ya ba da kafin alƙalami. Kana so ka ji ko ƙarancin malejin ya isa ka ce masa ya biya. Bai isa ba. Kuma na ji daɗi da ka zo wurina kafin ka ba shi amsa, don kuɗin da ake magana a kai gumin shekaru ne.

Fara da lissafi. Motar ta haura shekara 35 a duniya. Raba kilomita dubu 40 a kan waɗannan shekaru, za ka ga abin da take yi a shekara bai fi tafiya ɗaya daga Kano zuwa Legas ba, ba ma dawowa. To ɗayan biyu ne: ko agogon malejin bai faɗi gaskiya ba, ko kuma ya faɗi gaskiya, motar ta yi yawancin rayuwarta a kwance. Kowanne da irin ciwon kansa.

Kada ka yi saurin cewa mai motar ɓarawo ne. A Jamus juya maleji laifi ne da doka ta hana, ko da yake ana samun masu yi. Amma agogon waɗannan motoci, ƙirar kamfanin VDO, akwai wani ɗan ƙaramin haƙorin roba a cikinsa wanda shi ke juya lambobin. Idan ya tsufa sai ya ruɓe ya farfashe. Allurar gudu tana aiki lafiya lau, lambobi kuwa sun tsaya cak. Mutum zai iya shekara biyu yana hawa a haka kafin ya kai gyara, kuma duk tafiyar da ya yi a tsakani ta ɓace. Sannan da yawa daga cikin waɗannan motocin an fara sayar da su ne a Amurka, daga baya aka dawo da su Turai. Na Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In an cire agogon mil an sa na kilomita, lambar da ke kai ba ta motar ba ce, ta agogon ce. Abin da ya sa wannan ya shafi yayanka kai tsaye: ta Turai tana da ƙarfin doki 231, ta Amurka ba ta kai haka ba, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Saboda haka ni takarda nake fara tambaya kafin in taɓa mota. A Jamus kowace mota sai ta je gwajin lafiya duk shekara biyu, wanda suke kira TÜV, kuma ana rubuta maleji a takardar gwajin. Akwai littafin sabis mai hatimin gareji, akwai rasiɗan kayan gyara. Yayanka ya baje su a tebur, ya jera su shekara bayan shekara, ya ga ko lambar tana hawa a hankali ba tare da ta koma baya ba. Inda ya ga giɓin shekara takwas ko goma babu ko takarda ɗaya, nan zai sa yatsa ya ce a ba shi labari. Ya kuma gwada lambar bodi da lambar inji da abin da ke rubuce a takardun, don masu sayen irin wannan mota suna biyan kuɗi mai yawa ne a kan injin da ta fito da shi daga masana'antar Zuffenhausen a Stuttgart.

Bayan takarda sai jikin motar ya ba da shaida. Robar kan fedar birki da ta kuloci, fatar sitiyari, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. Motar da ta yi dubu 40 ba za ta cinye waɗannan ba. In kuma ka ga dukkansu sababbi ne dal alhali sauran cikin motar ya nuna shekaru, wannan ma magana ce.

Yanzu mu ɗauka malejin gaskiya ne. Nan ne nake so ka buɗe kunne sosai, don nan yawancin mutane ke faɗawa.

Mota ba zinariya ba ce da za ka binne ka tono ta yadda ka bar ta. An yi ta ne don ta yi zafi, mai ya zagaya, roba ta motsa. Ka tuna Marsandin alhajin nan da aka jawo mana bara, wadda ta shekara tara a rumfa an lulluɓe ta da tamfol? Kai da kanka ka sauke tankin, ka ga abin da fetur ya zama: ja, mai danƙo, yana warin tsohon fenti. Famfon mai ya kama, nozul sun toshe, tiyo kana lanƙwasa shi yana tsagewa. Wannan shi ne abin da ke jiran duk motar da ta kwanta, ko ta Jamus ce ko ta ina. Sil ɗin inji suna bushewa su ƙanƙance, ranar da aka tayar da ita mai ya fara tsiyaya ta ko'ina. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba. In an bar shi sai fistin ɗin birki ya yi tsatsa ya maƙale. Taya kuma za ka gan ta da zanenta cif, amma ta ƙandare kamar busasshen ƙirgi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin 2000, kada ya kuskura ya yi gudu a kanta ko na gwaji.

Amma akwai bambanci tsakanin kwanciya da hutu. Jamusawa da yawa ba sa fitar da irin wannan mota da sanyi, saboda gishirin da ake watsa wa titi don ƙanƙara yana cin ƙarfe. Su kan ajiye ta wata biyar ko shida, bazararsu ta zo su fito da ita, su yi tafiya mai nisa, su canza mai duk shekara. Wannan ita ce motar da ake nema. In aka ajiye mini biyu, ɗaya mai dubu 40 da ta shekara goma ba ta motsa ba, ɗaya mai dubu 130 da rasiɗinta na kowace shekara, wallahi ta biyun zan ɗauka in kai gida da ƙafarta.

Injin kuwa ba baƙonka ba ne kamar yadda kake tsammani. Ka taɓa kwance na Volkswagen Beetle a nan garejin: inji a baya, silinda a kwance suna fuskantar gefe da gefe, babu lagireto, babu ruwa, fanka ce ke hura iska. Jini ɗaya ne, don Ferdinand Porsche ne ya tsara Beetle, kuma gidansa ne suka yi 911. Sai dai wannan silinda shida ne, lita 3.2, kuma baƙin mai ne ke ɗaukar babban kaso na aikin sanyaya shi. Man ba a ƙasan inji yake kwana ba, tankinsa daban ne a gefen dama ta baya, kuma abin da ke zagayawa gaba ɗaya ya haura lita goma. Shi ya sa ba a duba shi yadda muke duba na sauran motoci. Sai inji ya yi zafi sosai, yana silo, motar na kan daidaitaccen wuri, sannan a zaro sandar. Wanda ya duba da sanyi zai ga kamar babu mai, ya ƙara, ya cika fiye da ƙima, mota ta kama hayaƙi. In mai sayarwa bai san wannan ba, ba shi ne yake kula da ita ba.

(Af, sunan ma yana da alaƙa da motar da ka fi sani. Da aka nuna ta a Frankfurt a 1963, 901 aka sa mata. Kamfanin Peugeot ya ce lambobi uku masu sifiri a tsakiya nasa ne, irin su 404 da 504 ɗinmu ta Kaduna, dole aka mayar da ita 911.)

Ranar duba motar, yayanka ya je da sassafe, ya ce kada a tayar da ita kafin ya iso, ya sa hannu a inji ya tabbatar da sanyi yake. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan a tashin farko ba komai ba ne, silinda a kwance suke, mai kan ɗan gangara. Wanda ake tsoro shi ne shuɗin hayaƙi bayan ta yi zafi, musamman idan an saki totur a gangara sannan aka sake takawa. Wannan alamar hanyar bawul ta cinye ce, ciwon da aka san injin 3.2 da shi, kuma gyaransa sai an sauke inji an buɗe tof.

Sai dogayen ƙusoshi masu zare da ke ɗaure tof da silinda a jikin inji, guda 24, huɗu a kowane silinda. Na layin ƙasa, wajen salansa, su kan karye saboda tsatsa da zafi. An fi sanin wadda ta gabace ta da wannan, wato 911 SC ta 1978 zuwa 1983, amma 3.2 ma ba ta tsira ba, kuma motar da ta kwanta a wuri mai danshi ta fi shiga haɗarin. Ba a gani daga waje. Sai an cire murfin bawul na ƙasa a taɓa kowane noti. Wani lokaci kana cire murfin sai karyayyen ya faɗo maka a hannu. Tunda an buɗe, a gwada tazarar bawul, milimita 0.10 da sanyi, a kuma hura iska cikin kowane silinda a auna yadda yake riƙewa. Ni ba na son in ga ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa biyar.

Abu ɗaya da ke cikin sa'ar yayanka shi ne giya. Daga ƙirar 1987 aka sa giyabos ɗin G50 na Getrag, da kuloci mai aiki da mai, ya fi tsohon giyabos ɗin 915 laushi da juriya, shi ya sa 'yan 1987 zuwa 1989 suka fi tsada. Ganewa ba wuya: a G50 ribas yana hagu can sama kusa da giya ɗaya, a 915 yana dama ƙasan giya biyar.

Kada fenti ya ruɗe shi. Gaskiya ne tun ƙirar 1976 Porsche ke shafe bodin gaba ɗaya da sinadarin hana tsatsa, amma shekaru sun ja. A ɗaga ta sama. A duba ƙarƙashin batir a but ɗin gaba, inda ruwan batir ke zuba, da dokin ƙofa, da gindin ginshiƙin da ƙofa ke kullewa, da kewayen gilashin gaba da fitilu. Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti. Inda lamba ta yi tsalle, fanabita ya wuce ta nan da fotinsa. Fentin asali mai 'yan tabon tsakuwa a hanci ya fi mini sabon fenti mai sheƙi wanda ba a san abin da ya rufe ba.

Akwai kuma wanda ya shafi rai, ba aljihu ba. Tunda babu ruwan zafi, ɗumin cikin motar daga jikin salansa ake ɗaukarsa, ta wani akwatin ƙarfe da ya lulluɓe bututun, kamar dai na Beetle. In bututun ya huje a ciki, hayaƙi mai guba ne zai shigo wa mutum da iyalinsa gilashi a rufe. Ya kunna ɗumin ya shaƙa, a kuma duba akwatunan daga ƙasa.

Duk wannan ba aikin yayanka ba ne shi kaɗai, kuma ba namu ba ne ta hoton waya. Ba a cinikin biri a sama. Ya nemi garejin da suka ƙware a kan 911 mai sanyaya da iska, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya biya su da kuɗinsa su yini a kanta su rubuta masa abin da suka gani. Ya kuma san wa yake saya a hannunsa: dila a Jamus doka ta ɗora masa alhakin aibin da motar ta zo da shi na wani lokaci, mutum mai zaman kansa kuwa yakan rubuta a yarjejeniya cewa babu ruwansa bayan ciniki. In mai motar ya ƙi a kai ta gwaji, ko ya ce akwai wani mai saye a bakin ƙofa, yayanka ya yi masa godiya ya kama hanya.

In gwaji ya fito da kyau, kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a farashi. Ya rage na taya huɗu, da tiyon fetur gaba ɗaya, don a kan inji mai zafi suke bi, da man birki, da baƙin mai da filta, da fanbel. Fanbel ɗin nan guda ɗaya ne ke juya fanka. In ya tsinke babu abin da ke sanyaya silinda, mintuna kaɗan sun isa inji ya tafi. Ya sayi biyu, ɗaya ya zauna a but tare da sifanarsa.

Kira shi bayan la'asar. Ce masa kada ya ba da ko sisi tukuna, ya fara turo mana hoton takardun TÜV da littafin sabis shafi-shafi, da lambar gefen taya, da inda ribas yake a kan giya. In sun iso ka kawo mini mu duba tare, kai za ka fara karantawa ka gaya mini abin da ka gani.