Amsa ga mai son nazarin saiwoyin jijiyoyin kai

Ƙanena, na ga saƙonka inda kake tambaya ko bambancin da ake samu a saiwoyin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya isa a gina binciken digiri na biyu a kansa, da kuma abin da ya kamata ka duba kafin ka zaɓi jami'a a nan ƙetare. Ya isa har ya yi yawa, muddin ba ka taƙaita shi a kan jijiya ɗaya ba.

Tagwayen jijiyoyi 12 da muka haddace tsarin Sömmerring ne, Bajamushe masanin halittar jiki, na shekarar 1778, domin kafin shi likitan Ingila Thomas Willis 9 ya ƙirga a 1664, kuma zanen da ke cikin littafi yana nuna abin da aka fi yawan samu ne kawai. Jijiya ta 6, mai juya ido gefe, takan fito da saiwa biyu a wasu mutane. Ta 12, mai motsa harshe, takan taru dami biyu, wani lokaci ma ramin da take bi a ƙoƙon kai sai a tarar siririn ƙashi ya raba shi. Ta 11 kuwa, mai motsa wuya da kafaɗa, har yanzu masana na jayayya kan ko saiwarta ta sama tata ce ko ta jijiya ta 10 ce.

Da ni ne, ta 5 zan ɗauka, wadda ke ɗauke da jin fuska da motsin tauna. Tana da babbar saiwa ta ji da ƙarama ta motsi, ita ƙaramar takan rabu zare-zare, wasu zaren su sarƙe da babbar. A daidai wannan wuri ne jijiyar jini kan kwanta a kan saiwar ta haddasa matsanancin ciwon fuska, wanda likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Peter Jannetta ya yi suna wajen yi masa tiyata ta hanyar sanya ɗan abu mai laushi tsakanin jijiyar jinin da saiwar. Likitan da bai san da irin wannan bambanci ba yana iya yanke zaren da bai yi tsammaninsa ba.

Saboda haka kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Ka rubuta wa sashen nazarin halittar jiki na jami'ar ka tambaye su gawarwaki nawa ɗalibin bincike ke samu, da yadda ake ciro ƙwaƙwalwar, domin waɗannan zare suna tsinkewa da zarar an ja su da gaggawa, sannan ko za a ba ka damar duba hotunan MRI na marasa lafiya, da tsawon lokacin da izinin kwamitin ɗa'a ke ɗauka kafin ya fito.