Ga mai ciwon gwiwa, elliptical ya fi

Malam, ka ce gwiwa na damunka, kana shawarar sayen injin gudu ko elliptical, wanda ake taka feda ana jan hannu. Ni dai elliptical zan ce maka. Ƙafa ba ta barin feda, don haka gwiwa ba ta shan bugun da take sha wajen gudu.

Ga kuma batun wuta. Yawancin injinan gudu sai da lantarki, ka kuwa san halin wutarmu a ƙauyukan Ringim, kuma man janareta ba arha ba. Elliptical da yawa batirin allo kawai suke ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, amma ka fara a hankali. Don Allah likita ya duba gwiwar tukuna.