Katakon da Aka Kawo Jiya Ba Zai Zama Jita Kafin Kirsimeti Ba

Jiya da yamma muna rufe shago ka tare ni da tambaya, fuskarka a ɗaure. Ka ce, "Maigida, mutum ya taso tun daga Bukuru da katakonsa da kuɗinsa, yana son jita mai lantarki kafin Kirsimeti, aikin da bai fi mako uku ba. Me ya sa ka zaunar da shi awa biyu kana yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, ƙarshe ka ce masa sai bayan Ista?" Ban amsa ba don hadari ya taso. To ajiye sanfefar nan, ɗana, jawo benci.

Fara da ɗauko katakon nasa. Ɗaga shi. Yanzu ɗaga wancan maɗacin da ke saman kanta, wanda na rubuta wa kwanan wata da alli shekara uku da suka wuce. Girmansu ɗaya, amma ka ji nasa ya rinjayi hannunka. Kara shi a kumatunka, za ka ji sanyi. Ruwa ne. Da na soka masa mitar auna danshi, 22 ta nuna, mu kuwa muna neman 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin zarto ya taɓa shi. Katakon yana da kyau, ja jawur, zanensa kamar an yi da alƙalami, kuma na san ya sha yawo a Kasuwar Katako kafin ya same shi. Amma kyau daban, bushewa daban. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A sana'armu shi ne yake tanƙwara kansa, kuma ba ya neman izininka.

Na koyi wannan da kuɗina. Ina sabon buɗe shago, wani makaɗi ya matsa mini, na yi masa jita a watan Agusta, ruwa na zuba safe da yamma kamar yadda ka san Jos. Ta fito fes, ya biya, ya tafi yana murna. Cikin Janairu, hunturu ya kankama, sai ga shi da yatsa a naɗe da tsumma. Allon wuyan ya tsuke saboda bushewa, ƙarfen firet kuwa, wato ƴan sandunan da ake jerawa a kan allon wuya, ba ya tsukewa, sai bakunansa suka leƙo ta gefe kamar haƙoran zarto. Yana zura hannu a tsakiyar kiɗa, ɗaya ya yanke shi. Wuyan kuma ya ɗan murɗe, murɗiyar da ko rodin ƙarfen da ke cikin wuya ba ya iya gyara ta. Sabon wuya na yi masa kyauta, wata guda ina aiki babu ko sisi. Tun daga ranar ba na kafa firet sai cikin rani, lokacin da katako ya gama tsukewar da zai yi. In damina ta zo ya ɗan kumbura, ba ya cutar da kowa.

Shi ya sa na ce sai bayan Ista. Katakonsa za mu tsaga shi siriri, mu shafe bakunansa da kakin kyandir don kada iskar hunturu ta fasa su, mu jera shi da ƴan sanduna a tsakani iska ta ratsa. Turawa suna lissafin shekara guda ga kowane inci na kauri, kuma gangar jita, wato jikinta, ta kusa inci biyu, don haka ba zai zama ganga gaba ɗaya ba. Fuska za mu yi da shi, mu manna a kan busasshen katakonmu. Zai ga icen da ya zaɓa duk lokacin da ya buɗe jaka, mu kuma mu kwana da kwanciyar hankali.

Amma ba wannan ne ya cinye awa biyun ba. Wuya ne.

Duk wanda ya shigo nan da hoto a waya, ganga yake nuna maka: launi, sheƙi, lanƙwasa. Ni kuwa hannunsa na hagu nake kallo. Ka lura na miƙa masa jita uku ɗaya bayan ɗaya, ban haɗa ko ɗaya da amfilifaya ba? So nake in ga inda babban yatsansa yake zama. Nasa yana leƙowa ta saman wuya, yatsunsa gajeru ne masu kauri, kuma duk lokacin da ya miƙa ƙaramin yatsa a wuyan mai tsawo sai ya ɗan cije leɓe. Bai san yana yi ba. Ya zo yana cewa irin Stratocaster, sananniyar jitar nan ta kamfanin Fender, yake so sak, hannunsa kuma yana faɗa mini wani abu dabam.

Ga dalili. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kai, inda take hawa a ƙarshen wuya, zuwa jaki, inda take zama a kan ganga, a jitar Fender inci 25.5 ne, wato milimita 648. A jitar kamfanin Gibson inci 24.75 ne, kimanin milimita 628. Bambancin bai kai faɗin yatsu biyu ba, amma yana sauya komai. Mai tsawon tana ɗaurewa tamau, sautinta a tsaye, garau, sai dai tana neman ƙarfin yatsa. Gajeruwar ta fi laushi, jan tsirkiya gefe ya fi sauƙi, firet sun fi kusa da juna. Mutumin da zai yi awa uku a tsaye ranar Lahadi yana rakiyar mawaƙa, gajeruwar ce tasa, ko da siffar gangar ta Fender ce. Amfanin zuwa wurinmu ke nan. In kwafi yake so, kasuwar Alaba a Legas cike take da su, kuma sun fi namu araha.

Da zarar an tsayar da wannan tsawon, sauran lissafi ne, kuma lissafin ba ya karɓar "ai kusan haka ne". Ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko. A milimita 648 zai ba ka 36.4. Ka cire shi, ka sake raba ragowar da wannan lamba, ka sami na biyu, haka har ƙarshe. In ka yi daidai, firet na 12 zai faɗi a tsakiya cif, milimita 324. In bai faɗi nan ba, ka yi kuskure a wani wuri, koma baya tun kafin ka ɗauki zarto. Kuma kada ka riƙa aunawa daga firet zuwa firet, don ƙaramin kuskure yana hawa kan ɗan'uwansa. Kowane ɗaya ka auno shi daga ƙashin kai. Rabin milimita a nan, makaɗi zai ji shi a kunne har ranar da zai sayar da jitar, yana ta murɗa makunnan ɗaure tsirkiya yana zargin tsirkiyar.

Sai ka tuna tsirkiyoyi shida suna jan wannan siririn icen da nauyin da ya kusa buhun siminti, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Shi ya sa ake binne rodi a cikin wuya, mai noti a baki, wanda ake murɗawa ya ja baya. Wuya ba a son shi miƙe sak, ana barin ɗan rami a tsakiya, kaurin katin waya ma ya yi masa yawa, don tsirkiya ta sami wurin rawa. Kuma ni ba na sassaƙa wuya a zama ɗaya. In rage, in rataye shi mako biyu, in duba ko ya motsa, in sake ragewa. Ice yana da abin da ya ɓoye a ciki, sai an yanka yake fitarwa. A tsakanin nan zan kira mutumin ya zo ya riƙe wuyan tun babu fenti, ya ce nan ya yi kauri, nan ya yi daidai. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Zan faɗa maka wani abu da wasu abokan sana'a ba sa son ji. A jita mai lantarki, irin icen ganga ba shi ne babba a wajen sauti ba. Yana da nasa, ban musa ba, amma fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da hannun makaɗi da amfilifaya sun sha gabansa nesa. Leo Fender, wanda ya fito da Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, wuyan nasa da sukurori huɗu ya ɗaure shi don in ya lalace a kwance a sa wani. Abin da nake dubawa a ganga shi ne nauyi. Les Paul ta Gibson takan haura kilo 4, kuma maɗacinmu na nan arewa ba shi da sauƙi. Shi ya sa na tambaye shi awa nawa yake tsayuwa, har ka yi dariya. Za mu rarake cikin gangar kafin mu rufe ta da fuskarsa, kafaɗarsa za ta gode mana.

Fikof kuwa, ba motar ɗaukar kaya ba, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, sai ya haifi ƴar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Mai naɗi ɗaya sautinsa tsaf yake, irin wanda makaɗan Agadas suke so, amma yana kwasar gurnanin wutar lantarki kamar eriya. Na tambaye shi da me suke kiɗa a cocinsu, ya ce yawanci janareta, soket ɗin kuma babu wayar ƙasa. Nan na san amsar. Hambaka, mai naɗi biyu da ke kashe gurnanin juna, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, shi za mu sa a wajen jaki. Shi yana tafiya da makunnin ƙara mai 500k, mai naɗi ɗaya kuma 250k, in ka musanya su ko dai sautin ya dushe ko ya yi tsini yana soke kunne. Ramin wayoyin kuma za mu shimfiɗe shi da takardar jan ƙarfe mu haɗa da ƙasa. Wannan aikinka ne, don na ga hannunka ya fara faɗawa a liƙin dalma.

Waɗannan kayan duk daga waje suke zuwa, fikof, makunnan tsirkiya, jaki, wayar firet, kuma farashinsu da dala yake tafiya. Shi ya sa na karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, in saye su yanzu, kada Fabrairu ta zo in fara yi masa kame-kame. Takardar da ka ga muka sa wa hannu, komai na ciki: tsawon tsirkiya, faɗin ƙashin kai milimita 43, firet 22, irin fikof, launi, da ranar karɓa. Mutum yakan kwana ya ga wani hoto ya dawo ya ce ai shuɗi ya ce. Launi ina iya sauya masa har ranar da za a yi feshi. Tsawon wuya kuwa, in zarto ya shiga, an gama magana.

Fentin ma ba zai yiwu a Disamba ba. Ƙurar hunturu ko ka rufe ƙofa da taga sai ta sami hanya, ta zauna a kan ɗanyen fenti kamar an barbaɗa gari. Sai ta lafa. Bayan feshi kuma a bar shi makonni ya yi tauri kafin a goge, in ba haka ba sawun yatsanka zai zauna a jiki.

Ka ce kana tsoron zai kai aikin wani wuri. Yana iya kaiwa. Amma ka ga da zai fita ya sake ɗaukar jita ta biyu, mai gajeren wuyan, ya ɗan kaɗa a tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba ya ajiye.

Tashi ka ɗora katakon a sikeli, ka rubuta nauyinsa da kwanan watan yau a gefe. Gobe mu tsaga shi. Daga nan duk Asabar ka auna, ka rubuta a ƙarƙashin na baya. Ranar da ka ga lamba ta tsaya mako uku a jere, ka zo ka faɗa mini. Kyandir yana cikin aljihun tebur na ƙasa.